Ishaku a Hanyar Rumbu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka yi ruwan da ya tabbatar damina ta zauna. Tun hantsi hadari ya haɗo daga wajen Mahuta, kafin azahar kwatocin Barnawa sun cika sun tumbatsa, masu keke duk sun lafe ƙarƙashin rumfuna. Ina baranda ina tsintar shinkafa, 'yata Ladi tana gefena da waya a hannu, sai ta ce, "Mama, na sauke wani gem na gina gari, ana noma ana kiwo. Ga manomina na farko. Sunan wa zan sa masa? In sa Kawu Ishaku?"

Ban san lokacin da na fizge wayar ba. Faranti ya kife, shinkafa ta watse har cikin ruwa. Yarinya ta saki baki tana kallona kamar ta ga sabon kamu, kuma ban ga laifinta ba. Shekararta uku lokacin da abin ya faru, ba ta riƙe komai ba. Ni kuwa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da sunan Ishaku a jikin ɗan mutumin gem sun isa su mayar da ni wata damina da ban manta ba har gobe.

A waccan daminar muna wani gidan haya mai ɗaki biyu a nan Barnawa. Maigidana yana aiki a Fatakwal, sai dai waya. Ni ina koyarwa a firamare. Babanmu ya dawo wurina da zama bayan rasuwar Mama, don gwiwoyinsa sun fara ƙin gona mai nisa. Sai ƙanena Ishaku, autanmu kuma ɗa namiji tilo da ya rage wa Baba, yana karatu a tsallaken gada.

Baba bai zo da kayan kirki daga ƙauye ba, amma ya zo da gora guda, bakinta toshe da tsumma. Irin dauro ne a ciki, cuɗe da toka saboda ƙwari. Mama ce da hannunta ta bi gona ta zaɓi zangarniyoyin a kakarta ta ƙarshe, ta rataye su saman murhu suka sha hayaƙi. Wani ɗan cocinmu ya ara wa Baba ɗan fili a bayan Mahuta, kuma ya ƙudura a can zai yafa irin, in ya tasa ya dasa, yadda ake yi wa dauro a wajenmu. Gorar tana ƙarƙashin gadonsa. Ko shara nake yi sai ya ce in yi a hankali. A garinmu ba a cin iri. Baba ya sha gaya mana cewa a shekarar yunwa sun ci ganye sun ci saiwa, gorar iri tana rataye suna kallonta, ba wanda ya ko ɗaga hannu.

Ishaku kuwa dukiyarsa wata tsohuwar laftof ce mai zafi kamar dutsen guga, batirinta ba ya jimiri. A cikinta yake da gem ɗinsa. Ana ba ka 'yan mutane kaɗan a bakin wani kogi, kai za ka sa su sare daji, su gina gidaje da rumbu, su yi noma, su kiwata tumaki da kaji. Shekarar gem ba ta kai tsawon dahuwar wake ba. Ɗan banzan yaron nan sai ya bi mutanen ya raɗa musu sunayenmu. Akwai Baba, akwai Ladi, akwai Bitrus ƙanin Baba da ke ƙauye. Ni ya sa ni ɗaukar duwatsu, wai don na fi kowa taurin kai. Kansa kuma ya ba shi aikin saran itace can bakin daji, wai don ya huta da faɗana. Na ɗan koyi dannawa a wurinsa, saboda Ladi tana son ganin tumakin.

Ranar da abin ya faru da sassafe ya fita, yana da jarrabawa. Shayi kawai ya kurɓa a tsaye. Daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, a ajiye mini ƙanzo, kar Ladi ta cinye."

Ba zan shiga abin da ya haddasa rikicin ba. Duk mutumin Kaduna yana da irin wannan rana a kansa. Abin da na sani, muna cikin aji muka ga iyaye suna shigowa a guje suna jan 'ya'yansu. Na goya Ladi na kama hanya, takalmina a hannu. Ta wajen kogi hayaƙi ne ya tashi baƙi ƙirin ya haɗe da hadari, ba ka iya rabe wanne ne wanne. Kafin la'asar rediyo ta ce an sa dokar hana fita, ba dare ba rana. Na kira wayar Ishaku, aka ce a kashe take. Na sake kira, na sake, har na haddace muryar matar nan na tsane ta.

Ƙarshen wata ne, gidan ba komai. Ɗan garin rogo, guntuwar shinkafa, albasa da manja a gindin kwalba. Tsakaninmu da maƙwabciyata Hajiya Asabe gajeriyar katanga ce. Tsohuwar nas ce, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune. Ta kan katangar nan muka rayu. Ta miƙo mini kuka da daddawa, na miƙa mata gari da ashana. Da kananzir ya ƙare muka farfasa wani tsohon benci, ga ruwa ba ya ɗaukewa, itacen ya jiƙe, sai hayaƙi da hawaye kafin tukunya ta tafasa. Masu ruwa ba sa zuwa, don haka da an fara yayyafi sai mu jera bokitai a bakin indararo. Zogalen gidanta muka bi muka tsige har ya koma sanda. Titin da ba ya rabo da hon ya yi tsit, ba ka jin komai sai kwaɗi da motar sojoji in ta gifta. Ita ma Hajiya tsoro take ji, nata daban, nawa daban, amma ba wadda ta faɗa wa 'yar'uwarta.

Baba ya ɗauki kujera ya dasa a zaure yana fuskantar ƙofa. In na kai masa abinci sai ya ce a ba Ladi. Ba ya magana, ba ya kishingiɗa, ko Littafi Mai Tsarki ya daina buɗewa. Ina kallonsa yana zubewa a idona.

Wata safiya aka kawo wuta. Ladi tana ta rigima, yunwa ce amma ba ta san sunanta ba, sai na kunna laftof ɗin don ta ga tumaki. Baba ya shigo shan ruwa, ya tsaya a bayana. Baba yana karanta Hausa sarai. Ya kai yatsa kan wani ɗan mutum mai gatari a kafaɗa.

"Rifkatu, me aka rubuta a kan wannan?"

"Ishaku ne, Baba. Shi ya sa wa kansa."

Ya daɗe yana kallon ɗan mutumin yana sara, yana ɗauka, yana ajiyewa. Sai ya koma zaure ya jawo kujerarsa ya kawo ta kusa da ni.

Na yi murna da farko, Allah ya sani. Mutumin da ya kwana biyu bai ce uffan ba sai ga shi yana tambaya. Me suke shukawa? Alkama da wake da kabewa. Ina rumbu? Ga shi. Ina suke ajiye iri? Na nuna masa cewa a rumbun ne, kuma akwai wani ɗan kwaɗo da ake dannawa, in an kulle ba mai taɓa irin ko da yunwa za ta kashe shi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe masu abin nan suna da hankali. Kulle." Na kulle. Daga nan gari ya koma hannunsa, ni dai 'yar aike ce mai danne-danne, ina fassara masa Turancin da ke fitowa.

Da aka yi ruwan farko a gem ɗin na kai hannu zan sa a yi shuka, ya riƙe ni.

"Ke wa ya koya miki noma? Ruwan farko mayaudari ne. Bari ya zauna tukuna."

Haka ake yi a wajenmu, kuma ni ban san wani abu da ya fi haka ba. Muka jira ruwa na biyu, muka jira na uku, sannan ya ba da izini. Abin da ba mu sani ba, ƙasar gem ɗin ba irin tamu ba ce. Daminarsu gajeriya ce, bayanta kuma ba rani ke zuwa ba, ƙanƙara ce. Alkama tana tsaka da fitar da kai gonakin suka yi fari fat. Abin da aka kwashe bai kai rabin rumbu ba. Baba ya ce ba komai, a buɗe garke a saki tumaki su bi gonaki su yi kala, kamar yadda ake sakin dabbobi bayan kaka. Na saki. Ɗaya bayan ɗaya suka dinga kwantawa a cikin farin nan ba sa tashi. Ladi ta tambaye ni ko barci suke yi, na ce mata e.

"Wace irin ƙasa ce wannan," in ji Baba, "da ruwa ke sauka ya zama gishiri?"

Na ce mu kashe abin haka nan, wasa ne. Na yi masa bayani cewa in an kashe komai yana tsayawa cak, ba mai motsi sai an sake kunnawa. Ya ce, "To yunwar fa, ita ma tsayawa take yi?" Muka ci gaba, duk lokacin da aka kawo wuta, shi da ni, cikinmu yana kuka na mutanen gem ma yana kuka.

Rumbu ya ƙare ƙaf, sai irin da ke kulle. Wata alama ta kwano wayam ta fara fitowa a kan mutanen. Aka yanka kajin da suka rage, ba su kai ko'ina ba. Sai muka ji wata 'yar ƙararrawa, rubutu ya fito a gefe. Na kau da kai.

"Karanta mini."

"Wai Bitrus ya mutu, Baba. Yunwa."

Ya ce in kira ƙauye. Na kira, layi ba ya shiga. Na ce, "Haba Baba, wannan ai camfi ne. Kai fa dattijon ikilisiya ne." Ya ce ya sani. Ni ma na sani, malamar makaranta ce ni, ina koya wa yara cewa ba fatalwa a bayan gida. Amma na ci gaba da kiran ƙauyen, ban ajiye wayar ba. In mutum bai san inda nasa yake ba, ko kukan tsuntsu ya ji sai ya ɗauka saƙo ne.

Washegari da rana aka yi iskar da ta kayar da falwaya a bakin layinmu. Wuta ta ɗauke, kuma mun san ba mai fitowa gyara cikin doka. Sauran caji kaɗan a laftof ɗin. Na so in bar shi, Baba ya ce in kunna. Ruwa yana dukan kwanon rufi kamar ana watsa tsakuwa, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Na nemo Ishaku can bakin daji. Alamar kwanon nan tana kansa, ta koma ja. Sara yake yi a hankali, in ya ɗaga gatarin sai ya daɗe bai sauke ba.

Na ce, "Baba, ba abin da ya rage sai iri."

Alamar batir ta koma ja ita ma. Ina kallon gefen fuskarsa, muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna wani abu mai tauri. Wannan mutumin ya taɓa marin yayanmu da ya rasu saboda ya ɗebi gyaɗar iri cikin tafin hannu. Ni dai addu'a nake yi a zuci, ban ma san me nake roƙo ba, ko ya ce e, ko abin ya mutu kafin ya ce.

"Buɗe masa," ya ce. Muryar ba tasa ba ce. "Buɗe masa ya ci."

Na danna kwaɗon. Ɗan mutumin ya ajiye gatari, ya juya, ya kama hanyar gari. Nisan da shaƙiyyin yaron nan ya kai kansa don ya huta da faɗana, shi ne yanzu yake takawa cikin ƙanƙara, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce garken da ba kowa. Ya hau 'yar gadar katako. Rufin rumbu ya fara bayyana a gefen gilashin. Baba ya sunkuyo har numfashinsa yana taɓa kunnena, yana cewa, "Taho. Taho, ɗana." Sai gilashin ya yi baƙi.

Na danna, na jijjiga, na cire batir na hura na mayar. Ko ƙyaftawa bai yi ba. A lokacin ne na fashe da kukan da na riƙe tun ranar farko.

Baba ya miƙe ya shiga ɗaki. Na ji yana jan abu daga ƙarƙashin gado. Ya fito da gorar ya dire a gabana, ya zare tsumman da hannun Mama ya cusa.

"Daka. Ki dama kunu."

"Baba, irin Mama ne."

"Na fi ki sanin na wane ne. Yaron nan shayi kawai ya sha ya fita. Ba zai shigo gidan nan ya tarar da tukunya a kife ba."

Na ɗebi kaɗan na sheƙe tokar, na wanke har sau nawa ruwan yana fita toka-toka. Da Hajiya ta ji ƙarar turmi ta leƙo ta kan katanga, ta ga gorar, ta ce, "Inna lillahi. Maman Ladi, ba irin nan ba ne?" Na ce shi ne. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta miƙo rariya da ragowar tsamiyarta, ni ina daka ina miƙa mata, ita tana tankaɗe a ɓangarenta tana miƙo mini, yayyafi yana jiƙa mu duka. Kunun ya fito da ƙaurin hayaƙi da ɗan ɗacin toka da ba ya wankuwa. Na zuba wa Ladi, na zuba wa Hajiya, Baba ya sa na cika babban kofin silba na rufe da faranti na ajiye kan tebur. Shi kuma ya ce ya ƙoshi.

Hajiya ta ɗaga murya daga bayan katanga. "Baba, wallahi sai ka sha. In yaron nan ya dawo ya tarar ka kwanta, me za mu ce masa?"

Ya sha, yana sha yana kallon ƙofa.

Haka muka yi ta yi. Kullum da safe in daka kaɗan, in cika kofin Ishaku in rufe. In yamma ta yi ya fara tsami, sai Baba ya ce a ba Ladi, gobe a dama sabo. Gorar tana ta sauƙi a hannu. Ba abin da nake tsoro kamar in ɗaga farantin nan da yamma in ga kunun yadda na zuba shi. Laftof ɗin tana kan tebur kusa da kofin, a rufe, da ɗan mutuminta tsaye a kan gada.

Ranar da na zazzage gorar har na bubbuga gindinta, ranar rediyo ta ce an sassauta dokar na 'yan awoyi. Unguwa ta fashe, kowa ya nufi kasuwa da buhu. Ni ba kasuwa za ni ba. Na ɗaura zani na bar Ladi wurin Hajiya, ita kuma ta faɗa mini asibitocin da zan fara dubawa, da ƙofar da ake bi ta baya in ba a sami mutum a kan gado ba. Ina sa takalmi a zaure aka turo ƙofa.

Ishaku ne. Doguwar riga ce a jikinsa wadda ba tasa ba, ta yi masa yawa, silifas ɗinsa ƙafa ɗaya shuɗi ƙafa ɗaya baƙi. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Mahaifin wani abokin karatunsa ne, tela a Tudun Wada, ya ɓoye shi a ɗakin ajiyar yadi duk kwanakin nan. Wayar kuwa tun a gudun farko ta faɗi. Duk wannan daga baya muka ji. A lokacin na dai riƙe rigar nan ina ihu ina dukansa, ban san me nake cewa ba.

Baba bai tashi daga kujera ba. Ya ce, "Rifkatu, kawo masa kofinsa."

Ishaku ya kafa kai bai sauke ba sai da ya shanye. Ya goge baki ya ce, "Yaya, wannan kunun naki ƙaurin hayaƙi yake." Sai idonsa ya kai kan gorar, tana kwance a gefen turmi, bakinta a buɗe. Ya dubi Baba, ya dubi kofin da ke hannunsa, ya durƙusa a wurin.

Da aka gyara falwaya aka kawo wuta, na riga na ba shi labarin garinsa, da tumakin, da Bitrus, wanda a gaske ya ƙara shekaru masu yawa yana cin tuwonsa. Ishaku ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya jona laftof ɗin ya ce bari mu gani ko ɗan sunansa ya kai rumbu. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin.

"Ƙyale shi. Wanda nake jira ya iso."

Ba a sake buɗe gem ɗin ba. Baba ya shuka masara a filin Mahuta a shekarar, da irin kasuwa. An sha kawo masa dauro daga ƙauye, ya karɓa ya yi godiya, bai taɓa yafawa ba har ya koma ga Ubangiji. Yanzu akwai sola a rufin gidanmu, caji ba ya yankewa, gem ɗin Ladi ma na ga har maɓalli yake da shi na tsallake lokacin sanyi.

Na tsince shinkafar da ta tsintu, na miƙa wa Ladi wayarta. Na ce ta sa wa manomin sunan da ba na kowa ba. Ta ɗan harare ni ta rubuta Manomi. Ni kuma na shiga ɗaki na ɗauki tawa wayar na kira Narayi, inda Ishaku yake zaune da matarsa da yaransa. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai can na ji muryarsa, da hayaniyar yara a bayansa.

"Yaya, lafiya cikin ruwan nan?"

"Ka ci abinci?"

"Abinci kuma? Me ya faru?"

"Ni dai ka amsa mini. Ka ci?"